Rantsuwar Inna Mariyamu

Akwai wani saurayi da aka yi a Bagudo a shekarar da Bature ya naɗe tabarmarsa, ana ce masa Bunyaminu ɗan Ɗanmusa. Ku da kuke cike fom ɗin makaranta da babban yatsa a waya, ku ɗan dakata da latse-latsen nan ku ji abin da layi ɗaya na fom ya yi wa gidansu. Ni dai tun da na ji labarin nan jikina bai daina sanyi ba.

Bunyaminu malamin awo ne a rumfar wani kamfani mai sayen shinkafa da ƙwarar kaɗe a bakin kogin Kwara. Ya gama makarantar midil a Sakkwato, shekarunsa ashirin da uku, kuma kansa na ja ƙwarai da gaske. Amma aikin ya ishe shi. Wuni guda yana tsaye gaban sikeli, ƙaiƙayi na shiga masa wuya, manoma na zaginsa a kan rabin mudu.

Ana farkon damina sai sanarwa ta iso gidan hakimi. Wata babbar kwalejin koyon kasuwanci a Zariya za ta ɗauki ɗalibai, gwamnati ce za ta ɗauki nauyinsu, domin Turawa za su tafi kuma ana neman 'yan ƙasa da za su riƙe kamfanoni da ofisoshi. Gurbi biyu kacal aka ba lardin Sakkwato kaf. Biyu fa, jama'a, a lardin da in ka hau doki sai ka yi mako biyu ba ka ƙure shi ba.

Bunyaminu ya ce ko sama da ƙasa za su haɗu, ɗaya nasa ne.

Kuma a yi masa adalci, ya yi wahala. Ya rubuta Ikko ana aiko masa da darussa ta gidan waya, wani lokaci takardar ta iso ruwa ya jiƙa rabinta. Ba tafireta a garin sai ta hakimi, don haka ya zana maɓallanta a bayan kwali, da an idar da sallar asuba ya zauna yana bugun kwalin nan da yatsu goma har yaran gida suka sa masa suna Makaɗi. Ya yi tafiyar kwana biyu zuwa Birnin Kebbi don a ɗauke shi hoto uku. Ya samo takardar likita, ya samo ta tsohon hedimasta, ya samo ta hakimi mai shaidar cewa ubansa da kakansa duk 'yan Bagudo ne.

Sai ya zauna cike fom. Suna, ya rubuta. Sunan uba, ya rubuta. Da ya zo layi na uku, inda aka ce garin haihuwa, sai ya ɗaga alƙalami.

Ga abin da ya tsayar da shi. Bunyaminu ɗan fari ne, kuma kowa ya san al'ada, cikin fari gida ake zuwa goyonsa. Mahaifiyarsa, Inna Mariyamu, 'yar Tungar Riskuwa ce, wani ɗan ƙauye da ke bayan Kaoje, tafiyar hantsi ɗaya bayan an wuce dutsen iyaka. A can ta haife shi, a ɗakin tsohuwarta, ta gama wankan jego ta goyo shi ta dawo. Su a wurinsu ba wata ƙasa ta je ba, gidan ubanta ta je. Amma a takardar Bature wannan ƙauye ƙasar Faransa ne, Dahome.

Da ma a shekarar nan zukata ba a kwance suke ba. Dahome na shirin ɗaga tutarta, mu ma muna shirin ɗaga tamu, an fara kafa shinge a hanyar da kakanni suka bi da jakuna ba mai tambayarsu. Jita-jita kuwa ta cika kasuwa, wai da an samu mulkin kai za a tantance kowa, ɗan can ya koma can.

Maimakon Bunyaminu ya rubuta wasiƙa ɗaya ya tambayi masu makarantar, sai ya ɗauki fom ya nufi wurin Malam Audi duba-gari. Shi Malam Audi ya taɓa zuwa Kaduna kwas na mako biyu, shekara shida da suka wuce, tun daga nan ba abin da ke zuciyar gwamnati da bai sani ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, Hausawa ba su yi ƙarya ba.

Audi ya sa tabarau ya duba fom, ya ce, "Kai ina anka haihe ka?"

"Tungar Riskuwa."

"Wacce? Ta ƙetare?" Ya cire tabarau ya girgiza kai. "Ai kai ka mutu, ɗan'uwa. Ba ka ga sun ce ɗan asalin Arewa ba? Da sun ga Dahome, kwandon shara za a jefa ta. Ni na san mutanen ga, na zauna da su."

Bunyaminu ya matso kusa da shi. Ya ce, "To mi za a yi, Malam?"

"Abu mai sauƙi. Rubuta Bagudo. Sannan ka kai tsohuwarka wurin alƙali ta shaida nan ta haihe ka, a ba ka takarda da hatimi ka liƙa. Dangwala yatsa ne kawai, ba ta ma buɗe baki ba."

Yanzu bari in gaya muku wace ce Inna Mariyamu. Sana'arta turara shinkafa, kuma shekara ashirin ba wanda ya taɓa sake awon mudunta. In mata biyu suka yi musu a bakin rijiya, da ɗaya ta ce "Mariyamu ta gani," maganar ta mutu. Mijinta ya rasu tuntuni, ita ta riƙe gidan da ita da autarta Saratu. Kuma mace ce mai tsananin alkunya. Tun da ta haifi Bunyaminu ba ta taɓa faɗin sunansa ba, ba ta kallon idonsa, in za ta yi masa magana sai ta bi ta kan Saratu ko da yana zaune gabanta.

Ya same ta da yamma tana baza shinkafa a kan tabarmi. Ya durƙusa ya zayyana mata komai. Ba ta daina bazawa ba har ya gama.

Sannan ta ce, "Saratu, hwaɗa mishi ni ban haihi kowa Bagudo ba sai ke da waɗanda sunka koma."

"Inna, yatsa kawai za ki sa."

"Saratu, hwaɗa mishi yatsan nawa ne."

Nan fa Bunyaminu ya yi abin da har ya mutu bai yafe wa kansa ba. Bai ɗaga murya ba, a'a, da ya ɗaga da ya fi sauƙi. Daina cin abinci ya yi. Tuwo ya shiga ɗakinsa ya fito yadda ya shiga. Kwana uku yana haka, yana zama a ƙofar ɗaki inda za ta gan shi, ga fom a cinya. A rana ta huɗu ya ce da Saratu, da ƙarfi don mai ji ta ji, "Ba komi. Gaban sikeli anka rubuta mini in mutu. Wasu uwayensu na tsaya musu, ni tawa ita ce ta rufe mini ƙofa."

Washegari da safe ya fito ya tarar Inna ta yafa mayafinta na zuwa biki, tana tsaye a zaure. Ta yi gaba ya bi ta.

Alƙalin sabon zuwa ne garin, dattijo mai sanyin magana, bai san kowa ba. Ya saurari buƙata, ya gyaɗa kai, magatakarda har ya buɗe tawada. Sai alƙali ya tambaya, kamar da wasa, "Yaron na nawa ne wurinki?"

Ta ce, "Na fari."

"Ke kuma 'yar ina ce?"

"Tungar Riskuwa."

Alƙali ya ajiye carbinsa. "Ɗan fari, kuma ba ki je gida goyon ciki ba? Abin da wuya. Ba na sa hatimina a kan wannan sai da rantsuwa. Je ki yi alwala."

Wallahi a nan ne ya kamata Bunyaminu ya miƙe ya ce a bari. Kalma ɗaya ta isa. Da Inna ta dawo daga alwala, ruwa na ɗiga daga gwiwar hannunta, sai ta ɗago kai ta dube shi cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun yana goye. Jira take ya yi magana. Shi kuwa gogan naku sai ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

Aka kawo Alƙur'ani a cikin gafaka. Ta ɗora hannun dama. Ta ce, "Na rantse da Allah wanda babu abin bautawa sai shi, a Bagudo na haihi yaron ga."

Alƙali ya ce, "Wane yaro? Faɗi sunansa. Shari'a ba ta san alkunya ba."

Sau biyu tana buɗe baki kafin sunan ya fito.

"Bunyaminu."

Ran nan ne ya fara jin sunansa a bakin uwarsa. Muryar ba ta yi kama da tata ba, siririya ce, a shaƙe, kamar ta wanda aka danne wa ƙirji. Aka buga hatimi, aka miƙa masa takarda, ya karɓa da hannu biyu. Suka kama hanyar gida, tana gaba yana baya.

Ya aika da fom. Ya koma kan kwalinsa da darussansa, yana gaya wa kansa abin zai wuce. Ai tsofaffi haka suke, in ta ga ya zama babban mutum za ta manta.

Ba ta manta ba. Bayan kwana biyu ta ja Saratu suka je wurin Malam Na'Allah, limamin unguwarsu. Daga bayan asabari ta tambaye shi, ba ta ce ita ce ba, wai in mutum ya yi rantsuwa a kan ƙarya, miskinai nawa zai ciyar, azumi nawa zai yi.

Liman ya ce, "In rantsuwar za-ni-yi ce ya kasa, ya ciyar da goma. Amma wanda ya rantse a kan abin da ya riga ya wuce, shina sane ƙarya ce, wagga ta hi ƙarhin kaffara. Ba ciyarwa, ba azumi. Sai tuba, sannan ya mayar da haƙƙi ga wanda ya cuta."

Saratu ta ce a hanyar dawowa Inna magana ɗaya take ta maimaitawa. "Gurbi biyu. In nawa ya shiga da ƙarya, ɗan wa ya hita? Ɗan wace mata? Ina zan gan ta?"

Daga nan abubuwa suka fara canzawa, a hankali, yadda ruwa ke cin gindin katanga. Ta daina cin abinci da hannun dama, sai ta naɗe shi cikin zane ta riƙe a ƙirji. Ta daina zuwa kasuwa, tukwanen turara suka yi tsatsa a bayan ɗaki. Wata maƙwabciya ta shigo ta ce, "Inna, zo ki raba mu, ke kika gani," sai Inna ta toshe kunne ta shige ɗaki. Matar ta fita tana salati.

Shi ma ɗan bai tsira ba. Aka kira su jarrabawa Birnin Kebbi, mutum tamanin da wani abu a zaure ɗaya. Mai tsaro ya ce kowa ya rubuta sunansa a saman takarda. Bunyaminu ya ɗora alƙalami, sai ya ji an kira shi daga bayan kunnensa, da siririyar muryar nan mai shaƙewa. Ya waiwaya. Wani ƙato ne daga Argungu a bayansa yana fere fensir. Tun daga ranar, duk sanda zai rubuta sunansa sai ya ji ta. A rumfar awo, a gidan waya, ko'ina. Ya koma sa hannu da harufa biyu don ya guje wa abin, bai hana ba.

Duk da haka ya ci jarrabawar. Mutum shida aka zaɓa su je Kaduna ganawa da manya, yana cikinsu.

Ranar da aka ɗaga sabuwar tuta, gari ya cika da kiɗa, yaran makaranta na yawo da 'yan tutoci da kofunan kyauta, Inna Mariyamu tana zaune a ƙofar zaure ƙafa ba takalmi. Duk saurayin da ya wuce da riga mai tsabta sai ta kira shi. "Yaro, zo. Kai ma ka nemi makarantar Zariya? An hana ka?" Wasu su yi dariya, wasu su sunkuyar da kai su wuce da sauri. Saratu ta yi ta janta ciki tana kuka.

Saratu ta tare wanta a bakin rumbu ta ce, "Yaya, ka je ka hwaɗa ma alƙali gaskiya. Inna tahiya takai."

Ya ce, "Saura mako uku, Saratu. In na dawo daga Kaduna. Yanzu in na yi magana, wahalarta ta tashi a banza."

Kun ji wayon banza ko? Haka zuciya ke yi wa mutum, ta ɗauki son kansa ta sa masa rigar tausayi.

Ya tafi. Kwalekwale, sannan babbar mota, sannan jirgin ƙasa, kwana huɗu a hanya. A Kaduna aka shigar da shi wani ɗaki mai fanka, mutum uku a bayan dogon tebur, Bature ɗaya da 'yan ƙasa biyu. Suka yi masa tambayoyi a kan farashin gyaɗa, a kan abin da zai yi in aka ba shi kanti ya riƙe, suka sa shi ya buga wasiƙa a tafireta. Yatsun da suka sha kwali ba su ba shi kunya ba.

Can sai na tsakiya, wani dattijo mai farin gemu, ya shiga jujjuya takardunsa. Ya zaro ta alƙali ya ɗaga ta sama da yatsa biyu.

"Wannan fa? Wa ya ce ka kawo ta?"

Bunyaminu ya ce, "Shaidar garin haihuwa ce, ranka ya daɗe."

"Ba mu nema ba. Ga takardar hakiminku, ta ce ubanka ɗan Bagudo ne, kakanka ma haka. Ita muke dubawa." Ya tura ta gefe kamar ɓawon gyaɗa.

Bunyaminu ya bi takardar da kallo. Bai san sanda ya tambaya ba. "To da a ce... da a ce a Dahome aka haife ni fa?"

Dattijon ya yi dariya. "To sai me? Ni da kake gani a hanyar Makka aka haife ni, a ƙasar Cadi, a gindin wata bishiya. Layin nan don a san mutum ne kawai, ba ya hana kowa, ba ya ba kowa. Ko a can aka haife ka?"

Ya ce, "A can ne."

Dattijon ya ɗan dube shi, ya dubi hatimin da ke kan takardar, dariyar ta ɗauke. Ya ɗauki jan alƙalami ya soke Bagudo a fom ɗin da kansa, ya ce a faɗa masa sunan ƙauyen ya rubuta. Sannan ya miƙa masa takardar alƙalin ya ce, "Ɗauki kayanka. Ban san wanda ya rantse maka ba, amma ka cuce shi."

Da yamma aka liƙa sunaye biyu a allo. Nasa ne na farko. Sauran suna ta ba shi hannu, shi kuwa yana tsaye kamar an dasa shi, don da idonsa ya faɗa kan sunan sai ya ji an kira shi, wannan karon a fili ƙwarai har ya amsa. Ya ce "Na'am, Inna," a tsakiyar mutane.

Bai kwana Kaduna ba. Duk tsawon hanya abu ɗaya yake tsarawa a ransa, yadda zai durƙusa ya ce mata, Inna, ba ki ci haƙƙin kowa ba, ba ɗan da aka fitar saboda ke. Yana ganin da ta ji haka za ta warke.

Ya iso da hantsi, da farar rigarsa ta ganawa, ga takardu a hannu. Tana zaune a tsakar gida a kan tabarma, ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Ya yi sallama. Ta ɗago ta dube shi, ta dubi rigar, ta dubi takardun. Sai ta yunƙura ta durƙusa a gabansa.

"Allah shi gafarta Malam, an aiko ka daga wurin alƙali? Na san za a zo. Ƙarya na yi, Malam. Rubuta."

"Inna, ni ne."

"Rubuta, Malam, kada in mutu ba a rubuta ba."

Saratu ta ce tun kwana biyu da tafiyarsa ta daina gane mutane sai ita kaɗai. Ya cire rigar, ya ɓoye takardun, ya dawo da tsohuwar taguwarsa ta aiki. Duk ɗaya. Kallonsa take kai tsaye, ido cikin ido, tana yi masa magana ba ta bi ta kan kowa ba, kamar yadda ake yi wa baƙo. Wannan kallon ne ya karya shi. Ya fita bayan gida ya yi kuka irin wanda bai yi ba ko ranar da ubansa ya rasu.

Daga nan kotu ya wuce. Ana tsakiyar zama, ga mutane cike, ya durƙusa ya ajiye takardar a gaban alƙali ya faɗi komai, da yunwar da ya yi wa kansa don ya tilasta ta, da kallon da ta yi masa ya sunkuyar da kai. Bai rage ko ɗaya ba. Malam Audi yana wurin ya kawo ƙarar wata mata a kan kwatar gidanta, sai ya sulale ya bar ƙarar.

Alƙali ya ɗauki takardar ya dubi hatiminsa. Sannan ya ce, "Da bulala na mayar da hankali, da na sa an yi maka tamanin. Tashi mu je."

Mutanen garin sun daɗe suna ba da labarin ranar da alƙali ya taka da ƙafarsa zuwa gidan mai turara shinkafa. Bayan la'asar ne. Aka shimfiɗa masa buzu a tsakar gida, ya zauna, magatakarda na gefensa. Inna ta gan shi ta gane rawanin. Ba ta firgita ba, sai ma ta gyara zama kamar wadda ta daɗe tana jiran baƙo.

Ya ce, "Mariyamu, na zo in ji gaskiya. A ina kika haihu?"

Ta ce, "Tungar Riskuwa, ɗakin innata, ranar Talata ana ruwa. Barira ungozoma ta yanke cibi. Bayan ɗakin anka binne mabiyiya, kusa ga rumbu. Kwana arba'in na yi ina wanka, sannan ubanshi ya zo da jaki ya ɗauke mu."

Magatakarda ya rubuta duka. Alƙali ya ɗauki tsohuwar takardar ya nuna mata hatimin, ya yayyaga ta a gabanta ƙanana-ƙanana, ya zuba a murhu.

"Na karɓi maganarki. Waccan ta mutu. Ki roƙi Allah gafara, shi mai karɓar tuba ne."

Ta ce, "Ɗiyan mutane hwa? Wanda anka hana saboda ni?"

"Ba wanda aka hana. Masu makarantar ba su ma duba takardar ba. Ba haƙƙin kowa a wuyanki, ni na gaya miki."

Ta yi ajiyar zuciya mai tsawo. A hankali ta warware zanen da ke hannun damanta, ta miƙe yatsun tana kallonsu. Saratu ta kawo ruwa a ƙwarya, ta karɓa da wannan hannun ta sha.

Alƙali ya yunƙura zai tashi, sai ta ce, "Allah shi gafarta Malam, saura magana ɗaya. Shi yaron, kada a hana shi karatun. Ba shi ya rantse ba, ni ce. Yaron kirki ne, son karatun ya yi mishi yawa."

Yaron da take roƙa wa yana durƙushe a gefen tabarmarta, hannunsa na taɓa ƙafarta. Alƙali ya dube shi, ya kau da kai, ya ce, "Ba za a hana shi ba."

Bunyaminu ya je Zariya, ya gama, ya riƙe manyan wurare har ya yi furfura. Waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsa sun ce mutum ne mai sauƙi, amma da ka ce "na rantse" a ofishinsa zai miƙe ya bar maka ɗakin.

Ita kuwa Inna kwana goma sha ɗaya ta ƙara a duniya bayan zuwan alƙali. Ta ci abinci, ta yi barci, ta yi sallolinta cikin natsuwa. A kwanakin nan Bunyaminu bai je ko'ina ba. Kullum da safe zai durƙusa a gabanta ya ce, "Inna, ki yahe mini." Kullum sai ta dube shi da fara'a, irin wadda ake yi wa baƙon da ya ɓata hanya, ta ce, "Malam, mi ka yi mini? Ai ban san ka ba."

Haka ta ce masa har safiyar ranar da ta rasu.

Darasi: Duk makarantar da kake nema, duk girmanta, ba ta kai ka sa wani ya sayar da gaskiyarsa dominka ba, balle uwar da ta haife ka. In ka ga abin da ba ka gane ba a fom, tambayi masu fom ɗin, kada ka tambayi Malam Audin unguwarku. Kuma in ka san ka cuci wani, nemi yafiyarsa yau tun yana gane ka, kada ka ce sai ka dawo daga Kaduna. Ku tura wa duk wani ɗa ko ƙane da ke shirin neman makaranta bana, ku tura wa iyayensu ma. Allah ya jiƙan iyayenmu, ya yafe mana abin da muka sa su suka yi saboda son da suke mana.